An ce suga zai tafi idan na haihu, to jijiyoyin jinin jaririn fa?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya sani ya taimaka min da bayani, tun shekaranjiya barci ya gagare ni. Cikina sati 27, na uku kenan. A wajen awo aka tura ni gwajin nan da ake zuwa da safe ba'a ci komai ba, a ɗebi jini sannan a baki ruwan gulukos ki shanye, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Na farko ya nuna 5.6, na awa biyu 9.2, likita tace sugan masu ciki ne. Maigida da Hajiyarsa duk sunce in kwantar da hankalina da zarar na haihu zai tafi. To amma ƙanwar maigidan da take karatun nas tace ta karanta cewa sugan yana taɓa wasu ƙwayoyin halitta masu gyaran jijiyoyin jini, na uwa da na jariri, wai har a jinin cibiya ake ganin alamar. Ni abinda ya tsaya min kenan. Idan sugan ya tafi, ɓarnar da yayi ita ma tafiya take ko tana nan? Yaron da ban ma haifa ba ace na riga na cutar dashi?

Zee_Rikkos: Wa'alaikumussalam Maman Ilham, sannu Allah ya raba lafiya. Nima nayi shi a cikin autana kuma gashi yanzu shekararsa huɗu yana ta guje-guje lafiya lau. Ki daina sa damuwa a ranki dan Allah, damuwar ma wata cuta ce ga mai ciki.

Hajiya_Yar_Bukuru: Mu dai a zamaninmu bamu san wani sugan ciki ba, haihuwa tara nayi, in yaro ya zo ƙato murna ake ana cewa uwar ta ci ta ƙoshi. Yaran yanzu karatu yayi muku yawa, komai sai kun tono. Ki riƙa addu'a 'yata.

Sista_Rabi: Hajiya ina gaisuwa, amma ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. Shekara ashirin da wani abu ina karɓar haihuwa, ciwon yana nan tun da, gwajin ne babu. Ƙaton jaririn nan da ake murna dashi sau da yawa shi ne alamar. Sugan da ke jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin jariri, amma insulin ɗin uwa, wato sinadarin da jiki ke samarwa don sauke suga a jini, baya ratsawa, sai jikin jaririn ya dinga samar da nasa insulin da yawa don ya iya da sugan, shi kuma insulin yana sa shi tara kitse. Shi yasa kike ganin yaro ya haura kilo 4, kai ya fito kafaɗa ta maƙale. Wallahi wanda ya taɓa tsayawa a kan mace a wannan halin baya mantawa, ɗakin gaba ɗaya sai yayi tsit kowa na kallon agogo. Maman Ilham sakamakonki ya cika ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, wato 5.1 kafin cin abinci, 10.0 bayan awa ɗaya, 8.5 bayan awa biyu, ko ɗaya daga ciki aka kai ya isa. Naki bai yi nisa sosai ba, kuma an gano shi a lokacin da ya dace, don tsakanin sati 24 zuwa 28 ake son yin gwajin. Maganar ƙwayoyin gyara kuma na barwa 'yan ɗakin gwaji, @Sadiq_Gangare kana kusa?

Sadiq_Gangare: Ina nan Sista. Maman Ilham abinda ƙanwar maigidanki ta faɗa yana da tushe, bari in yi ƙoƙarin warware shi a hankali.

Kowace jijiyar jini a jikin mutum, daga babbar da ta fito daga zuciya har zuwa 'yan ƙananan da ido baya gani, cikinta a shafe yake da wani siririn shimfiɗi mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, sunansa endotiliyam. Ki ɗauke shi kamar yaɓen cikin ɗaki. Shi ke sa jini ya wuce sumul bai daskare ba, shi ke fitar da wani sinadari da ake kira naitirik oksaid wanda ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe, gano aikin wannan sinadarin ne ma yasa aka ba wasu masana uku lambar Nobel a 1998. To yaɓen nan yana zaizayewa, hawan jini na cinsa, suga na cinsa, hayaƙin taba na cinsa. A 1997 wani masani ɗan Japan, Takayuki Asahara, yana aiki a Boston ta Amurka, shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa akwai ƙwayoyi a cikin jini da ke taimakawa wajen gyaran wannan shimfiɗi da tsirar da sabbin jijiyoyi. Su ne masu yaɓen. A 2004 wasu masana a Jami'ar Indiana, David Ingram da Mervin Yoder, suka tantance wani nau'i daga cikinsu da yafi kowanne iya hayayyafa da gina jijiya ta gaske, kuma suka ga jinin cibiyar jariri ya fi jinin babba yawan su nesa ba kusa ba. In aka shuka su a faranti a ɗakin gwaji sai su jeru su manne da juna kamar daɓen dutse, in aka ɗora su kan wani abu mai kama da kamu sai su miƙa hannuwa su haɗu su zama raga, wannan ragar ita ce mafarin jijiya.

A 2008 mutanen Indiana ɗin suka gwada na jariran da iyayensu mata ke da suga tun kafin ciki. Suka ga ƙwayoyin sun yi ƙaranci, suna saurin tsufa, kuma basa gina jijiya kamar na sauran jarirai. Daga baya suka duba na masu sugan ciki irin naki, nan kuma abin ya ɗan bambanta, ƙwayoyin suna hayayyafa sosai amma ragar da suke saƙawa bata cika ba. Wato magina sun yi yawa amma aikin bai yi kyau ba.

Maman_Ilham: Innalillahi. Malam Sadiq kenan dai gaskiya ne. To yanzu shikenan?

Sadiq_Gangare: A'a ba shikenan ba ne 'yar uwa, tsaya ki ji. Wannan abu ne da aka gani a faranti da jikin ɓeraye, ba hukunci bane a kan wani yaro. Babu asibitin da zai ɗebi jinin cibiyar ɗanki yace miki ga makomarsa, gwajin na masu bincike ne. Abinda yake nuna mana shi ne yawan sugan da jariri ke kwance a cikinsa yana da tasiri, kuma wannan yawan yana hannunki da hannun likitarki na tsawon sati goma sha uku da suka rage.

Dalibar_Likita: Yaya Sadiq ya yi bayani mai kyau, ƙari ɗaya zan yi. Dalilin da yasa abin ke iya bin ƙwayar har bayan an cire ta daga cikin suga shi ne wasu alamomi da ke hawa kan gadon halitta. Kun san rubutun ajami, baƙaƙen suna nan yadda suke amma in aka canja wasali karatun ya canja. To suga baya canja baƙaƙen, wasullan yake taɓawa, sai wani umarni ya dinga karantuwa da ƙarfi wani kuma a hankali. Mutanen Indiana ɗin sun sami irin wannan canjin a ƙwayoyin jariran masu sugan ciki. Sannan suga mai yawa yana haifar da wasu sinadarai masu cin jiki kamar yadda tsatsa ke cin kwano, su ne ke rage naitirik oksaid ɗin da ya ambata.

Baban_Walid: Ni tambayata daga ina su waɗannan ƙwayoyin suke fitowa? Na taɓa ji ance daga ɓargo ne. In haka ne ai sai a dage da romon ƙashi.

Sadiq_Gangare: Baban Walid da farko haka aka ɗauka, duk daga ɓargo suke. Amma bincike na baya ya nuna nau'i biyu ne aka haɗa da suna ɗaya. Akwai na ɓargo, dangin fararen ƙwayoyin jini ne, su nasu aikin su kai kayan aiki wajen su kira magina. Su kuma maginan na gaske hujja tafi nuna a jikin bangon jijiyar suke zaune. Romon ƙashi abinci ne mai kyau amma ɓargon saniya da ka sha narkewa yake a ciki kamar kowane abinci, baya tafiya ya zama naka.

Ummu_Affan: Tunda an zo nan bari in faɗa, akwai wani maganin sitem sel da wata maƙwabciyata ke sayarwa a 'yar leda ana zubawa ƙarƙashin harshe, tace yana sabunta duk ƙwayoyin jiki har suga yana warkarwa. Ko Maman Ilham zata gwada?

Sista_Rabi: Ummu Affan dan girman Allah a'a. Mai ciki ce fa.

Talatu_Rayfield: Kar ki saya sam sam. Mama na ya sha wannan abu wata biyar, ya bar maganin asibiti don sun ce masa ba'a haɗawa, kuɗin da muka kashe Allah ne ya sani, ƙarshe ciwo ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa har sai da aka yanke yatsa biyu. Likita ya ce jini baya kai wajen da kyau. Yanzu da na karanta abinda Sadiq ya rubuta na gane, hanyan jini ne ya lalace kuma masu gyara sun gaji. Har yau in na tuna raina na ɓaci, don ni ne na kawo masa da hannu na.

Dalibar_Likita: Sannu Anti Talatu, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Kuma haka ne, a masu suga na dindindin an daɗe da ganin waɗannan ƙwayoyin suna raguwa kuma aikinsu na rauni, yana cikin dalilan da ke sa gyambo ya ƙi warkewa. Garin da ke cikin leda kuwa ba ƙwayar halitta mai rai a ciki, ko da akwai ma ciki zai narkar da ita.

Ummu_Affan: Toh Allah ya baku haƙuri, ni wallahi da zuciya ɗaya na faɗa.

Sista_Rabi: Mun sani Ummu Affan, gara da kika faɗa aka tattauna, da yawa suna sha a ɓoye.

Maman_Twins_Kubwa: Ni daga Abuja nake bibiya. Kowa na maganar jariri, ni kuma uwar nake so a duba. Nayi sugan ciki a 2016, na haihu aka ce ya sauka, daga nan ko sau ɗaya ban sake gwadawa ba, hidimar tagwaye ta ɗauke min hankali kuma gaskiya babu wanda ya ce min in dawo. Shekara shida bayan nan na fara yawan fitsarin dare da ƙishi kamar me, ina zuwa aka ce suga ne sosai ga hawan jini ya haɗu. Yanzu kullum da magani nake. Don haka wannan kalmar ta "zai tafi" ni ita ta cuce ni. Ya tafi ɗin, amma ya san hanyar gida.

Dalibar_Likita: Abinda Maman Twins ta faɗa shi ne ɓangaren da aka fi tabbatarwa ma. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2009 ya nuna matar da tayi sugan ciki haɗarin kamuwarta da suga na dindindin ya ninka na wadda bata yi ba sama da sau bakwai. Wani nazarin na 2019 kuma ya nuna haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya kai kusan ninki biyu, kuma har waɗanda basu kamu da suga daga baya ba nasu haɗarin ya ɗan fi na sauran mata. Wannan ne yasa ake zargin tun lokacin cikin shimfiɗin jijiyoyin ya ɗan taɓu, ko kuma dama yana da rauni cikin ne ya tona. Shi yasa ake so a maimaita gwajin ruwan gulukos tsakanin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan duk shekara ɗaya zuwa uku har iya rayuwa.

Zee_Rikkos: Kai, ni fa ban taɓa komawa ba tunda na haifi auta. Jikina yayi sanyi wallahi. Ranar Litinin in sha Allah zan je.

Hajiya_Yar_Bukuru: To ni yanzu da kuke wannan magana, ɗana na shida da na bakwai manya ne ƙwarai, na bakwai sai da aka kwana biyu ana fama. Kuma shekara goma sha biyu kenan ina shan maganin suga. Sista kina nufin tun can ne?

Sista_Rabi: Hajiya ba zan iya yanke hukunci a kan abinda ba'a gwada ba, amma labarinki irin wanda muke ji ne kullum. Ki faɗa wa 'ya'yanki mata su ambaci ciwonki a wajen awo, don wadda mahaifiyarta ke da suga ana so a gwada ta da wuri tun farkon ciki.

Bintu_Nasarawa: Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Shekara uku da suka wuce na rasa ɗa namiji a sati 38. Wani ƙaramin asibiti nake zuwa awo, duk zuwa fitsari kawai suke tsoma wannan 'yar takardar su ce lafiya, ba'a taɓa cewa in yi gwajin jini ba. Cikin yayi girma sosai ƙafafuna suka kumbura har takalmi baya shiga, mutane na ta cewa tagwaye ne. Ranar wata Laraba na ji shiru baya motsi, na sha ruwan sanyi na kwanta ta gefe ina jira, shiru. Da aka ciro shi kilo 4.6 ne, gashi baƙi ƙirin a kansa, na riƙe shi na ɗan lokaci kafin su karɓa. Bayan nan ne aka gwada jinina aka ga suga. Maman Ilham ni da an bani takardar da aka baki da na yi sujjada. Kin sani da wuri, ki riƙe ta da kyau.

Maman_Ilham: Allahu akbar. Bintu Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya baki mai albarka. Na yi kuka da na karanta.

Baban_Walid: Allah ya jiƙansa ya baki haƙuri 'yar uwa.

Talatu_Rayfield: Sannu Bintu, Ubangiji ya ta'azantar da ke.

Sista_Rabi: Allah ya baki dangana Bintu. Kuma kowa ya ji, gwajin fitsari baya isa a gano sugan ciki, mace na iya samun suga a jini fitsari bai nuna ba, wata kuma fitsari ya nuna alhali jininta lafiya. Jini ake gwadawa. Kumburin nan ma kar a raina shi, sugan ciki da hawan jinin ciki sukan zo tare, dukkansu shimfiɗin jijiyar da Sadiq ya faɗa suke taɓawa, ita kanta mabiyiya ai tarin jijiyoyin jini ce. Ciwon kai mai tsanani, ganin wuta-wuta a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko motsin yaro ya ragu, ba'a jiran gari ya waye.

Mai_Acca: Mu a Jos Allah ya hutar damu ai, ga acca. Maman Ilham ki bar shinkafa ki koma tuwon acca da gwate, suga zai gudu.

Sadiq_Gangare: Mai Acca a yi hattara da wannan maganar. Acca abinci ce mai kyau amma ita ma sitaci ce, in kika cika kwano da tuwonta suga zai hau. Na sha ganin masu suga da suka sakankance da acca suna ci ba awo, sakamakonsu na zuwa a sama suna mamaki. Gwaten ya fi min, saboda ganye da gauta da yakuwa sun cika shi, hatsin kaɗan ne.

Mai_Acca: To amma dai tafi farar shinkafa ko? Kakata da ita ta rayu har ta haura tamanin.

Sadiq_Gangare: Na'urar gwaji ce zata raba gardama, kowane jiki da yadda yake karɓa. Kakarki kuma kar ki manta noma take da hawan dutse.

Maman_Twins_Kubwa: Abinda ya taimake ni a lokacin, rabin faranti ganye, kwata wake ko kifi ko ƙwai, kwata ɗin ƙarshe tuwo ko shinkafa. Ku da kuke da kasuwar Farin Gada kabeji da karas da koren wake a arha me zai hana, mu nan sai mun biya kuɗin motar da ta kawo su. Abinda ya fi wahalar bari shi ne shayi mai kauri da burodi da safe, da kunun gyaɗa, da lemon kwalba a gidan biki. Zuma da dabino ma suna ɗaga shi, mutane na ɗauka tunda na Allah ne ba komai. Da safe suga yafi saurin hawa, don haka ƙwai da ɗan alale nake ci. Dankalin turawa kuma in an soya ko an dafa ya yi luguf yana hawa da sauri, nasan 'yan Jos ba zaku so jin wannan ba.

Maman_Ilham: Likita ta ce in sayi na'ura in dinga gwadawa sau huɗu a rana, da asuba kafin in ci komai kar ya kai 5.3, bayan awa biyu da cin abinci kar ya kai 6.7. Tace in sati biyu bai daidaita ba zata sa min magani ko allura. Allurar ce nake tsoro, ance in ka fara baka bari.

Sista_Rabi: Ba gaskiya bane wannan a sugan ciki. Mafi yawa ana daina insulin da zarar mabiyiya ta fita, don ita ce ke fitar da sinadaran da ke hana insulin ɗinki aiki. Kuma insulin baya ratsawa zuwa ga jariri. Akwai ƙwayar metfomin ita ma ana bayarwa, likitarki zata zaɓa. Allurar siririya ce ƙwarai bata kai tsinin na gwajin yatsa zafi ba inji matan da nake koya wa. In na'urarki irin mai nuna manyan lambobi ce, 95 da 120 kenan, ana ninkawa da 18 ne. Ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta lamba da abinda kika ci.

Baban_Walid: Maza kuma mu ji tsoron Allah. Matata tayi wannan ciwon, tsinken gwajin nan yana cin kuɗi ba wasa, kuma ba zai yiwu ace tana cin ganye kai kana gefe da malmala uku da lemo mai sanyi ba. Ni bayan isha'i nake rakata mu taka daga gida zuwa bakin titin Bauchi mu dawo, ga sanyin Jos amma haka muke saka rigar sanyi mu fita, minti ashirin. In muka dawo ta gwada wallahi bambancin a fili yake da ranar da bamu fita ba. Mutane har tsokanata suke a majalisa, ban fasa ba.

Dalibar_Likita: Allah ya saka Baban Walid. Tafiyar nan tana sa tsoka ta zuƙe suga daga jini, sannan gudun jinin da ke ƙaruwa yana sa shimfiɗin jijiya ya ƙara fitar da naitirik oksaid, kuma an ga motsa jiki yana ƙara yawan ƙwayoyin gyaran a jinin manya. Ga Maman Twins da Zee kuma, a wani babban gwaji da aka yi a Amurka, matan da suka taɓa sugan ciki kuma sugansu ya fara ɗagawa, rage ƙiba da motsa jiki ya rage kamuwarsu da kusan rabi, metfomin ma haka.

Ummu_Affan: To azumi fa? Ina da ramuwa da yawa nasan wasu ma haka, mai irin wannan zata iya?

Sista_Rabi: Likitoci na ba mai sugan ciki shawarar kar tayi, musamman mai shan magani ko allura, suga na iya faɗuwa da rana ya kuma yi tsalle bayan buɗa baki. Addini ya yi wa mai ciki rangwame, hukuncin ramuwa ko ciyarwa a tambayi malamai.

Hajiya_Yar_Bukuru: Bayan haihuwa fa, kunun kanwa da wankan jego suma za ku hana?

Sista_Rabi: Hajiya wanka da ruwa mai ɗumi ba laifi, tafasasshe ne matsala. Kanwa kuma gishiri ce, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da zafin jego da ciwon zuciyar masu jego. Ga wadda jijiyoyinta suka riga suka sha suga ko hawan jini, ga kuma sukari da ake zubawa a kunun, ni bana goyon baya. Abinda nafi so a kula dashi shi ne a sa jaririn a nono cikin awa ɗaya, kar a zubar da dakashi. Yaron mai suga yana fitowa da insulin da yawa a jikinsa, an yanke cibiya sugan uwa ya tsaya, sai nasa ya faɗi, ki ganshi yana karkarwa ko ya yi laushi ya ƙi kama nono. Shayarwa ita ma uwar tana rage mata haɗarin suga daga baya.

Maman_Ilham: Na gode ƙwarai kowa da kowa. Amma Malam Sadiq bari in koma tambayata ta farko don har yanzu tana raina. Sati 27 ɗin da suka wuce ban sani ba, ina shan shayi da sukari cokali uku, abinda ya riga ya faru da ƙwayoyin yaron zai gyaru?

Sadiq_Gangare: Abinda zan iya tsayawa a kai shi ne, sugan ciki yawanci a rabin ciki na biyu yake tasowa lokacin da mabiyiya ta girma, don haka ba sati 27 yayi yana wanka a suga ba, ba kamar wadda ta shiga ciki da ciwon ba. An kuma tabbatar da cewa kula dashi daga yanzu yana rage girman jariri fiye da kima, da maƙalewar kafaɗa, da hawan jinin ciki. Yaran da aka haifa a irin wannan cikin sun fi saurin ƙiba da matsalar suga in sun girma, amma abinda zai ci a gidanki da wasan da zai yi a waje suna cikin lissafin.

Dalibar_Likita: Ni zan ɗan bambanta da Yaya Sadiq a nan, kar mu sauƙaƙa da yawa. A binciken ƙwayoyin cibiyar nan iyayen suna ƙarƙashin kulawar asibiti ne kuma duk da haka an ga bambanci. Don haka ni a ganina yaron ma a dinga lura da nauyinsa da hawan jininsa yana tasowa, a kuma faɗa masa tarihinsa in ya girma.

Sadiq_Gangare: Ban musa ba, sai dai bambanci a faranti daban ciwo a jikin mutum daban. Amma maganar a faɗa masa tarihinsa na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Bintu_Nasarawa: Ni yanzu ina da ciki wata biyu. Sista tun yanzu zan je a gwada ko in jira sati 24?

Sista_Rabi: Tun yanzu Bintu, gobe in da hali, kuma babban asibiti mai likitan mata kamar JUTH ko Plateau Specialist. Ki tafi da duk takardun wancan cikin, ki faɗa musu nauyin yaron da satin da abin ya faru. Ko na yanzu ya fito lafiya za'a maimaita a sati 24.

Maman_Ilham: Bintu Allah ya raba lafiya, ina miki addu'a. Na sayo na'urar ɗazu a Terminus. Da daddare na ci gwate rabin kwano da kifi, ni da Ilham muka zaga tsakar gida sau talatin tana ƙirga min, bayan awa biyu ya nuna 6.4. Na asuba ne ban sani ba tukuna. Sista in ya haura 5.3 gobe in kira likitar ne ko in bari ranar awo?

Sista_Rabi: Rana ɗaya ba komai, ki rubuta. In ya haura kwana uku a jere kar ki jira ranar awo, ki je. Kuma ki wanke hannu da sabulu ki busar kafin ki huda, ragowar abinci a yatsa yana ƙara lamba.